Masu binciken halayyar ɗan Adam: karatun da suka yi da abin da suke bincike a kai

Masu binciken halayyar ɗan Adam, ko masana saikoloji kamar yadda ake kiransu a jami'o'i, su ne masu nazarin yadda mutum yake tunani da koyo da mantuwa da tsoro da zama da jama'a, ta hanyar gwaji da awo da lissafi. Mutane da yawa na haɗa su da likitocin ƙwaƙwalwa alhali ba ɗaya ba ne. Shi likitan ƙwaƙwalwa likitanci ya karanta kuma yana rubuta magani, shi kuwa mai bincike zai iya ƙare aikinsa kaf bai taɓa zama da mara lafiya ba, rayuwarsa tsakanin ɗakin gwaje-gwaje ce da kwamfuta da aji.

Daga ina na farkon suka fito

Waɗanda suka kafa fannin babu mai digirin saikoloji a cikinsu, to ina ma zai samo shi tunda babu mai koyarwa a lokacin. Wilhelm Wundt, wanda ya buɗe ɗakin gwajin saikoloji na farko a Leipzig ta ƙasar Jamus a 1879, likitanci ya karanta sannan ya yi aiki ƙarƙashin Hermann von Helmholtz masanin aikin gaɓoɓin jiki, shi ya sa abin da ya fi damunsa shi ne awo, kamar tsawon lokacin da mutum ke ɗauka tsakanin jin ƙara da danna maɓalli. William James na Amurka shi ma digirin likita ya samu a Harvard a 1869 amma bai yi aikin asibiti ba. Ivan Pavlov na Rasha kuwa narkewar abinci yake bincike a kai, a kanta ma aka ba shi kyautar Nobel a 1904, yawun karnukan da yake aunawa ne ya jawo shi batun koyo, da ya lura suna fara dalala tun kafin abinci ya iso.

In ka bi tarihinsu za ka ga kowa da irin idon da ya zo da shi yake kallon mutum. Jean Piaget ɗan Siwizalan misali ne mai kyau. Digirin digirgir ɗinsa na 1918 a kan halittu dangin katantanwa ne, ya saba da zama ya ƙura wa abu ido yana rubuta yadda yake canzawa. Da ya je Faransa aka sa shi aikin gwajin basirar yara, sai ya zamana amsoshin da yaran suka faɗi daidai ba su dame shi ba, kuskurensu ne ya ɗauke masa hankali, don ya ga yara sa'annin juna kuskure iri ɗaya suke yi. Daga nan ya gina bayaninsa cewa tunanin yaro hawa-hawa yake girma. Akwai gwajinsa da aka fi sani, a zuba ruwa daga gajeren kofi mai faɗi zuwa dogo siriri a gaban yaro ɗan shekara huɗu ko biyar, yana gani da idonsa ba a ƙara komai ba, amma ya dage cewa na dogon kofin ya fi yawa.

B. F. Skinner adabin Ingilishi ya fara karantawa yana son zama marubuci, abin bai yiwu ba, ya koma Harvard ya ƙare da ɓeraye da tantabaru a akwati yana duba yadda lada ke gyara ɗabi'a. Alfred Binet mai gwajin basira, lauya ya karanta.

Karatun yanzu

Yau hanyar ta fi miƙewa. Digiri na farko, sai na biyu a wasu ƙasashen, sai digirin digirgir inda ɗalibi zai shiga ƙarƙashin wani farfesa ya yi shekaru yana tattara bayanai, bayan nan galibi sai ƙarin wasu shekaru na bincike kafin a samu kujerar koyarwa. Abin da ke ba sabbin ɗalibai mamaki shi ne yawan lissafi, sun zo da niyyar karanta zuciyar mutane sai a tare su da ilimin ƙididdiga da rubuta manhaja. A Amurka taron masana da aka yi a garin Boulder a 1949 ya tsara cewa masanin saikoloji mai duba marasa lafiya sai an horar da shi a bincike ma.

Duk da haka baƙi ba su daina shigowa ba, wasu kuma fita suke yi. Daniel Kahneman ya haɗa saikoloji da lissafi a Jami'ar Hibru ta birnin Ƙudus, aikinsa da Amos Tversky kan yadda mutane ke yanke shawara in akwai kasada ya kai shi ga Nobel ta tattalin arziki a 2002. Elizabeth Loftus ita ma da lissafi ta haɗa, kuma a 1974 ita da John Palmer suka nuna wa mutane fim ɗin haɗarin mota, suka gano cewa yadda aka tsara tambaya kaɗai yana canza gudun motar da shaida zai ce ya gani.

Abin da ake bincike a kai

Rassan suna da yawa: masu duba tunani da harshe da riƙe abu a ka, masu girman yara, masu zamantakewa, masu nazarin damuwa da taɓin hankali, masu halayyar ma'aikata a wurin aiki, da masu ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa da na'ura tana cikin aiki, abin da ya bunƙasa daga farkon shekarun 1990. Iyakokin dai ba su da ƙarfi, mutum ɗaya sai ya taka biyu ko uku.

Wani reshe da ya taso kwanan nan shi ne binciken shi kansa binciken. A 2015 wata tawaga ƙarƙashin Brian Nosek ta maimaita gwaje-gwaje 100 da aka riga aka wallafa, kusan kashi 36 cikin ɗari ne kawai suka sake ba da sakamako mai ƙarfi, abin da ya girgiza fannin sosai, ya sa yanzu da yawa suke rajistar tsarin gwajinsu tun kafin su fara don kar a gyara zance bayan an ga sakamako. Sai kuma tambayar su wa ake gwadawa. Jeffrey Arnett ya duba manyan mujallun fannin a 2008 ya tarar mafi yawan mutanen da aka yi gwaji a kansu Amurkawa ne, da yawansu kuma ɗaliban jami'a. A 2010 Joseph Henrich da Steven Heine da Ara Norenzayan suka faɗaɗa maganar, suka nuna cewa hatta yadda ido ke ruɗuwa da tsawon layi biyu ya bambanta daga al'umma zuwa al'umma. Shi Henrich ɗin ma ba saikoloji ya karanta ba, nazarin al'adun al'umma ya yi, ga kuma digirin injiniyan jiragen sama.