Fitilar ABS ta tirela ta ƙi mutuwa: daga ina za a fara neman ciwon?

Abin da ya fi damuna a wannan aiki shi ne saurin da ake yi a ɗora wa ƙwaƙwalwar ABS laifi, wato 'yar kwamfutar da ke sarrafa na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki. Fitila ta kama, a duba sama-sama, a ce ƙwaƙwalwa ta ƙone, a cire a sa wata. Bayan kwana biyu fitila ta dawo, domin tun farko ciwon yana jikin wata waya da ta goge a kan aksil. Ga tambayoyin da direbobi da makanikai suka fi yi, da abin da na sani a kansu.

Mene ne amfanin ABS a bodin tirela, tunda birkin iska yana kamawa ko babu shi?

Kamawar ce ma matsalar idan ta yi yawa. Tayar da ta daina juyawa ta koma jan ƙasa ba ta da riƙo ta gefe, sai bayan bodi ya zame ya fita daga hannunsa ya shiga na wasu. Bodin da ba kaya ya fi saurin yin haka, musamman a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, don an yi birkinsa ne da ƙarfin da zai tsayar da cikakken lodi.

Abubuwa 4 ne ke wannan aiki. Akwai zobe mai haƙora da ke juyawa tare da taya, yawanci haƙora 100. Akwai sensa mai maganaɗisu da ke tsaye dab da zoben, duk haƙorin da ya wuce ta gabanta sai ta haifar da 'yar wuta. Ƙwaƙwalwa na ƙirga wannan wutar ta san gudun kowace taya. Idan ta ga wata na shirin tsayawa cik alhali mota na tafiya, sai ta umarci bawul ya riƙe iska, ko ya sake kaɗan, sannan ya mayar, sau da dama cikin daƙiƙa ɗaya. A jikin ƙwaƙwalwar ko a takardarta za ka ga rubutu irin 2S/1M ko 4S/2M. Lambar farko yawan sensa ce, ta biyu yawan bawul. Ka fara sanin wannan, don kada ka ɓata yini kana neman sensa a aksil ɗin da ba a taɓa sa masa ba.

Idan fitilar ta kama, birki ya tafi ke nan?

A'a, birkin iska na nan. Abin da ya tafi shi ne kariyar da ke hana taya kullewa, a ɓangare ɗaya ko gaba ɗaya. Direba zai iya lallaɓawa ya kai wurin gyara, amma ba abin da za a kwana ana tashi da shi ba ne. A tirelolin da ke da EBS, wato birkin da ake sarrafa shi ta lantarki, lamarin ya fi haka nauyi, domin ƙwaƙwalwar ce ke daidaita ƙarfin birki da nauyin kaya, ita ce kuma ke taka birki da kanta idan bodi na neman kifewa a kwana.

Lafiyayyar fitila kan kama idan an murɗa makulli, ta mutu bayan 'yan daƙiƙu. Wasu na'urorin sai mota ta motsa ta kai gudun kilomita 6 ko 7 a awa sannan ta mutu. Wadda ba ta kamawa ko kaɗan ita ma ciwo ce, watakila ma ta fi muni, tunda ba mai gargaɗi. A Amurka doka ta wajabta ABS a kan tirelolin birkin iska da aka ƙera daga 1 ga Maris 1998, da fitila ruwan ɗorawa a gefen hagu can wajen baya, sannan daga Maris 2001 aka wajabta wata fitilar a gaban direba.

To, daga ina za a fara?

Daga wuta. Kafin ka taɓa sensa, kafin ka ɗauko kwamfuta, tabbatar wuta na isa ƙwaƙwalwa yadda ya kamata.

Ka sa wani ya murɗa makulli kai kana tsugune kusa da bawul, tanki cike da iska. Lafiyayyar na'ura na gwada kanta, za ka ji ƙas-ƙas, wani lokaci da ɗan fus na iska. Idan ka ji shiru, koma wajen kebul ɗin da ya haɗa kan mota da bodi.

Motocin tsarin Turai masu volt 24 suna da kebul na musamman, ISO 7638. Fil na 1 da na 4 su ne masu kauri, suna kai wa bawul wuta da mayar da ita. Na 2 da na 3 na ƙwaƙwalwa ne. Na 5 na fitilar gargaɗi ne, na 6 da na 7 kuma su ne hanyar da ƙwaƙwalwar kai da ta bodi ke magana da juna a tsarin EBS. Akwai abu biyu game da fil na 5 da ke ruɗa mutane. Bodi na kunna fitilar ne ta hanyar haɗa wannan layi da jikin ƙarfe, saboda haka idan wayar ta goge ta taɓa shasi a wani wuri, fitila za ta kama alhali ABS lafiyarsa lau, kuma kwamfuta ba za ta nuna komai ba. Na biyu, a motoci da yawa idan ba a ma jona kebul ɗin ba fitilar ba ta kamawa, direba na tafiya hankali kwance ba ABS.

Motocin tsarin Amurka masu volt 12 suna bi ta filogi mai fil 7 na SAE J560. Shuɗiyar waya ta tsakiya ce ke kawo wuta ta dindindin, fara ce ta komawa, ja kuma ta fitilar birki ce, wadda ke zama madadi. Idan ka lura fitilar ABS na kamawa duk lokacin da aka taka birki sannan ta mutu, shuɗiyar waya ba ta kawo wuta, na'urar sai an taka birki take farkawa. Sau da yawa fiyus ne kawai a kan mota.

Buɗe filogin ka haska ciki da tocila. Fil da ya yi kore-kore, ramin da ya buɗe baki ya daina riƙewa, ruwan da ya kwanta a ƙasan soket, duk za ka gan su da ido. Kuma kada mitar awon wuta ta yaudare ka. Wayar da silinta ɗaya ne kaɗai ya rage a ciki za ta nuna maka volt 24 cif, amma da bawul ya ja wuta sai ta faɗi warwas. Jona mata ƙwan fitila mai jan wuta sosai, ka auna yana ci. Haka za ka yi wa wayar komawa, don ita aka fi mantawa da ita. Idan akwai wani kan mota a kusa, jona bodin da shi. Fitila ta mutu, ka san ba bodi ne da laifi ba.

Yaya ake karanta lambar ciwo?

Ko da kwamfuta, ko ta ƙiftawar fitila. Kamfanonin da ke ƙera ABS irin su WABCO, Knorr-Bremse, Bendix da Haldex kowa da yadda ake sa na'urarsa ta fara ƙiftawa, kowa kuma da fassarar lambobinsa. Ƙiftawa 4 a wannan ba ita ce ƙiftawa 4 a wancan ba, don haka sai da takardar wannan samfurin a hannu. Kwamfuta kan ba da lamba biyu, ɗaya ta sassan da abin ya shafa, ɗaya ta irin ciwon, wadda ake kira FMI. FMI 5 na nufin layi ya yanke, 3 da 4 wuta ta yi sama ko ƙasa da ƙa'ida, galibi don wayoyi sun haɗu, 2 kuma saƙo na zuwa a hargitse.

Lambar tana nuna maka layin da ke ciwo ne, ba ta cewa ga abin da za a saya. Idan ta ce sensar hagu, tana nufin daga haƙoran zobe har zuwa fil ɗin da ke jikin ƙwaƙwalwa. Ka rubuta duk lambobin kafin ka goge, ka kuma raba wanda ke nan yanzu da wanda ya taɓa faruwa aka adana.

Lamba ta nuna sensa. A canza ta?

Dakata tukuna. Sa wa tayoyi waji, ɗaga aksil, ka tokare shi da abin da ya fi jak aminci, sannan ka saki birkin wannan tayar.

Fara da tazara. Sensar tana zaune ne cikin wani ɗan kwanson ƙarfe mai sifirin da ke riƙe ta. Tura ta da katako ko yatsa har ta taɓa zoben, kada ka buga da guduma. Da taya ta juya, zoben zai ture ta baya daidai yadda ake so. Tazarar da ta wuce kamar milimita 1 ta isa ta sa saƙo ya yi rauni. Idan ka tura ta ta shige salalau ba wata turjiya, kwanson ya saki, sai sabo da ɗan giris ɗinsa.

Sai awo. Cire filogin sensa ka auna ohm tsakanin fil biyun. WABCO na ba da 900 zuwa 2,000 a nata, sauran kamfanoni kowa da nasa adadin. Auna kuma tsakanin kowane fil da shasi, bai kamata a sami haɗi ba. Daga nan mayar da mita kan volt na AC, ka juya taya da hannu kamar rabin zagaye a daƙiƙa. Ana son aƙalla volt 0.2. Ka maimaita awon daga can ƙarshen wayar da ke shiga ƙwaƙwalwa. Idan a bakin taya lafiya, a can kuma babu, doguwar wayar tsakani ce.

Akwai wata dabara da ba ta cin komai. Musanya filogin sensar hagu da ta dama a jikin ƙwaƙwalwa, mota na tsaye. Idan lambar ta bi wayar ta koma ɗaya gefen, ciwon na waje. Idan ta tsaya inda take, sai a fara zargin ƙwaƙwalwa. Amma ka mayar da kowanne mazauninsa kafin mota ta motsa.

Abu ɗaya nake roƙo, a daina huda rigar waya da allura don awo. Wannan ɗan ramin ruwa zai bi, bayan wata shida tagullar ta zama gari a ciki.

Me ya sa fitilar ke mutuwa a tsaye, ta kama a hanya?

Wannan shi ne mai cin rai, kuma a nan ake gane mai haƙuri. A tsaye ƙwaƙwalwa layi kawai take iya dubawa, ba ta ganin gudun taya sai an motsa.

Girgiza tayar da ka ɗaga, sama da ƙasa. Idan tana wasa, boris ya saki, zoben na lilo yana ture sensa baya. Ka tura ta yau, gobe ta koma, har sai an ɗaure boris. Zare sensar ka dubi bakinta, za ka iya tarar da garin ƙarfe ya taru a kan maganaɗisun kamar gemu. Duba zoben haƙori bayan haƙori, ko tsatsa ta cike tsakaninsu, ko wani ya karye, ko an buga shi ya zauna a karkace lokacin da aka yi aikin birki. Zobe mai haƙora 80 da aka sa a gurbin mai 100, ko tayoyin da girmansu ya bambanta sosai, su ma suna sa ƙwaƙwalwa ta ga kamar wata taya na gudu daban.

Sai wayar kanta. Aksil na hawa da sauka dubban lokuta a tafiya ɗaya. Wayar da aka ɗaure tamau ba a bar mata sarari ba tana karyewa daga ciki, rigarta kuwa sumul. Jona mita a kan ohm, ka bi wayar da hannu kana lanƙwasa ta kaɗan-kaɗan, idonka na kan mita. Inda lamba ta yi tsalle, nan ne.

Fitila ba ta kama ba, amma taya na kullewa. Yaya ke nan?

Duba ko an haɗa abubuwa a gicciye. Idan aka jona sensar hagu a ramin dama, ko aka musanya tiyon iska, tayar hagu za ta kulle, ƙwaƙwalwa ta saki birkin dama. Ta fuskar wuta komai daidai ne, shi ya sa ba lallai fitila ta kama ba. Yawanci bayan an yi wani aiki a ƙarƙashin bodi ake samun wannan. Juya taya ɗaya-ɗaya kana kallon kwamfuta, ka ga ko gefen da ka juya ne ke nuna gudu.

Ka tuna kuma ABS ba ya ganin ciwon ƙarfe. Birkin da bai daidaita ba, sifirin da ya karye, birkin ajiye mota da bai gama sakin taya ba, duk ba aikinsa ba ne. Sannan a tsarin 2S/1M aksil ɗin da ba shi da sensa yana iya kullewa ba tare da ƙwaƙwalwa ta sani ba.

Bawul fa?

Auna ohm na naɗin wayarsa ka gwada da takardar kamfani. Babban abokin gabarsa ruwa da mai ne da ke biyo iska. Ja zoben ƙasan tanki, idan ruwa mai kalar madara ya feso, na'urar busar da iska ta kan mota na son gyara, in ba haka ba sabon bawul ma ba zai daɗe ba. Iskar da ke fita ta bakin bawul ba koyaushe laifinsa ba ce, tana iya dawowa ne daga tukunyar birkin da ta fashe ta ciki. Cire tiyon da ke fita ɗaya-ɗaya ka ji ta inda iskar ke zuwa.

Yaushe za a yarda ƙwaƙwalwa ce?

Bayan wuta ta tabbata ƙarƙashin nauyi, wayar komawa lafiya, sensa da bawul sun ba da awo daidai daga bakin filoginta, kuma lambar ta ƙi bin waya. Tana lalacewa, ba a musu: ruwa na shiga ta ramin da aka bari ba murfi, walda a jikin bodi ba tare da an cire filoginta ba na iya ƙona ta, haka ma ba na'urar volt 12 wutar volt 24. Idan ta EBS ce, sabuwar sai an shigar mata da bayanan wannan bodin, yawan aksil, girman taya, haƙoran zobe da lissafin nauyi. Ciro ta wani bodi a ɗaura kawai na iya ba da birkin da bai dace da kayan ba.

An gama gyara. Ta yaya za a tabbatar?

Goge lambobin, kashe makulli, kunna, ka saurari ƙas-ƙas ɗin nan. Idan gyaran na sensa ne, fitilar kan ci gaba da ci har sai mota ta ɗan motsa ƙwaƙwalwa ta ga duk tayoyin na ba da saƙo, don haka kada ka ɗauka aikin bai yi ba. Fita da motar ka bi da ita ta wuri mai gargada, ka dawo ka sake jona kwamfuta ka ga ko wata lamba ta sake shiga. Kafin ka fito daga ƙarƙashin bodi, bi wayoyin sensa ka ɗaure su a jikin tiyon birki, ka bar musu sararin da aksil zai sauka har ƙasa ba tare da ya ja su ba.