Mene ne dokumentari, kuma yaya ake gane na ƙwarai a kan mutuwar fitattun mutane?

Dokumentari shiri ne na talabijin ko na fim da ake haɗawa da kayan gaskiya: mutane na zahiri da sunayensu, hotuna da muryoyin da aka ɗauka lokacin da abu ya faru, takardun hukuma, da wuraren da lamarin ya auku. Gidajen talabijin na Hausa sukan kira shi shiri na musamman, ko shirin tarihi, ko shirin binciken ƙwaƙwaf, gwargwadon abin da ya ƙunsa. Ya bambanta da labaran duniya domin labarai suna faɗin abin da ya faru yau cikin minti biyu, shi kuwa yakan ɗauki minti arba'in zuwa sa'a ɗaya da rabi yana bin diddigin dalili. Ya bambanta da fim ɗin wasan kwaikwayo domin marubucin fim yana da 'yancin ƙirƙira, alhali mai dokumentari ya ɗauki alkawarin cewa duk abin da ya nuna ya faru.

John Grierson, ɗan ƙasar Sikotilan, shi ya yaɗa wannan suna tun 1926, kuma ya bayyana aikin da cewa sarrafa abin da ya faru da gaske ne ta hanyar fasaha. Watau kayan na gaske ne, amma akwai hannun da ya zaɓa, ya jera, ya yanke. Wanda ya riƙe wannan zai fahimci yadda shiri biyu za su yi amfani da hotuna iri ɗaya, ɗaya ya ce haɗari ne, ɗaya ya ce kisa ne, ba tare da wani cikinsu ya ƙirƙiri hoto ko guda ba.

Kayan da ake haɗa shi da su

Na farko tsofaffin hotuna ne daga ma'adanar gidajen talabijin da kamfanonin dillancin labarai. Ba kyauta ake samun su ba. Ana biyan kuɗinsu ne da daƙiƙa, kuma farashin ya danganta da ƙasashen da za a nuna shirin da yawan shekarun da za a yi ana nuna shi. Shi ya sa mai ƙaramin jari yakan cike gurbi da hoton wani wuri ko wata shekara daban, ya bar mai kallo ya ɗauka na ranar ne. Kisan shugaban Amurka John Kennedy a birnin Dallas ranar 22 ga Nuwamba 1963 misali ne mai kyau. Hoton da kusan kowane shiri ke nunawa wani ɗan kasuwa mai ɗinka tufafi, Abraham Zapruder, ya ɗauka da ƙaramar kyamararsa. Tsawonsa kimanin daƙiƙa 26 ne, hotuna 486 a jere, kuma babu sauti a cikinsa sam. Saboda haka duk ƙarar bindigar da ka ji a kansa a ɗakin tacewa aka ɗora ta, kuma wanda ya ɗora shi ya yanke ko harbi nawa za ka ji da lokacin da za ka ji su. A lamarin da gardamarsa ta ta'allaƙa kan yawan harbi da inda ya fito, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Na biyu hira. Masu magana kashi uku ne: ganau, jiyau, da masani. Rubutun da ke fitowa ƙasan fuskar mutum shi zai gaya maka ko wane ne. Likitan da ya binciki gawa da hannunsa daban yake da likitan da ya karanta labarin a jarida, ko da dukkansu sun sa farar riga. Ana iya zama da mutum sa'a biyu a ɗauki minti uku kacal daga maganarsa, kuma wannan ba laifi ba ne muddin ba a juya ma'anarta ba. Inda ɓarna ke shiga shi ne lokacin da aka kawar da fuskarsa, aka sa hoton mota ko gini, muryarsa na ci gaba. A ƙarƙashin irin wannan hoto ne ake ɗinke rabin jimlar da ya faɗa da safe da rabin wadda ya faɗa da yamma. Idan zargi mafi nauyi a shirin ya fito ba ka ga leɓen mai maganar yana furta shi daga farko zuwa ƙarshe ba, ka yi hattara.

Sai takardu: takardar shaidar mutuwa, rahoton binciken gawa, bayanan kotu, da takardun sirrin da gwamnati ta saki. Shiri na ƙwarai yakan nuna takardar da kwanan watanta, ya faɗi inda take a ajiye. Takarda ma akan yi jabunta. A 2021 binciken da tsohon alƙali Lord Dyson ya gudanar ya tabbatar cewa ɗan jaridar BBC Martin Bashir ya yi amfani da takardun banki na bogi don samun hanyar yin shahararriyar hirarsa da Gimbiya Diana ta Birtaniya a 1995, har BBC ta nemi afuwa.

Akwai kuma kwaikwayo, inda 'yan wasa ke sake yin abin da ba a ɗauka ba. Ƙa'ida ita ce a rubuta a jikin hoton cewa kwaikwayo ne. Daga ƙarshe muryar mai ba da labari da kiɗa, waɗanda su ke gaya wa zuciya abin da za ta ji. Yanzu har murya ana ƙerawa da kwamfuta: a 2021 an yi ce-ce-ku-ce kan wani shiri game da mai dafa abinci kuma mai gabatar da shirye-shirye Anthony Bourdain, wanda ya rasu a 2018, bayan daraktan ya amsa cewa na'ura ce ta karanta wasu kalamai da muryar mamacin ba tare da an sanar da masu kallo ba.

Yadda aikin ke tafiya

Ana farawa da bincike, sau da yawa na watanni, sannan a rubuta taƙaitaccen tsari a kai wa gidan talabijin ya ba da kuɗi. A nan matsala ta farko ke tsirowa, domin tsarin da ya yi alkawarin tona asiri ya fi saurin samun mai saye a kan wanda ya ce binciken hukuma ya yi daidai. Bayan ɗauka, a rubuta kowace hira kalma bayan kalma tare da lambar minti da daƙiƙa, a tsara labarin a takarda, sannan edita ya haɗa zubin farko. A gidan da ya san aikinsa, wani daban zai bi kowace jimla ya nemi madogararta, lauya ya duba ɓata suna, a kuma rubuta wa duk wanda aka zarga wasiƙa a ba shi lokacin mayar da martani. Waɗannan matakai uku na ƙarshe su ne ake tsallakewa idan kuɗi ko lokaci ya ƙure, kuma mafi yawan abin da ake zubawa a YouTube da Facebook bai taɓa bi ta cikinsu ba.

Talla ma tana da tasiri. Shirin sa'a ɗaya a tashar kasuwanci ta Amurka bai fi minti arba'in da 'yan kai ba, sauran talla ce. Don kada mai kallo ya canza tasha, akan rufe kowane sashe da tambaya: shin wa ya ba da umarni? Tambaya ba ta buƙatar hujja, lauya ma ba ya hana ta, amma idan aka jera goma sai mai kallo ya tashi da yaƙinin cewa an tabbatar da wani abu.

Mutuwar Diana

Babu mutuwar da aka yi wa irin waɗannan shirye-shirye kamar ta Gimbiya Diana, sai dai ta Kennedy. Jim kaɗan bayan sha biyun dare, ranar 31 ga Agusta 1997, motar Mercedes da ta ɗauko ta daga otal ɗin Ritz a Paris ta daki ginshiƙi na goma sha uku a hanyar ƙarƙashin ƙasa ta Alma. Direban, Henri Paul, da saurayinta Dodi Fayed sun mutu nan take. Mai tsaron lafiya Trevor Rees-Jones ya rayu. Diana ta cika a asibitin Pitié-Salpêtrière wajen ƙarfe huɗu na asuba. Mahaifin Dodi, Mohamed Al-Fayed, ya shafe shekaru yana cewa jami'an leƙen asirin Birtaniya ne suka kashe su bisa umarnin Yarima Philip, mijin Sarauniya Elizabeth.

Abubuwa huɗu shirye-shiryen makarkashiya suka fi maimaitawa, kuma kowanne an bincike shi. An ce an musanya jinin direban; gwajin ƙwayoyin halitta ya nuna nasa ne, kuma giyar da ke ciki ta ninka iyakar da dokar Faransa ta yarda da ita fiye da sau uku. An ce Diana na da juna biyu. Gwajin jinin da aka samu a cikin motar bai nuna haka ba. An ce motar asibiti ta yi jinkiri da gangan. Tsarin agajin gaggawa na Faransa shi ne likita ya je wurin haɗari ya daidaita majiyyaci kafin a motsa shi, kuma an tsaya a hanya ne saboda bugun jininta ya faɗi. Na huɗu ita ce farar mota ƙirar Fiat Uno da aka ce ta gogi motarsu. Wannan gaskiya ce: fenti da ɓaraguzan fitila sun nuna motocin sun gogi juna, kuma hukuma ba ta taɓa tabbatar da direbanta ba. Sai dai Mercedes ɗin tana gudun kusan kilomita 105 a sa'a inda doka ta ce 50, kuma Diana ba ta ɗaura bel ba.

Tawagar binciken 'yan sandan Landan ƙarƙashin Lord Stevens ta fitar da rahoto mai shafi fiye da 800 a Disamba 2006, ta ce babu shaidar kisan gilla. A Afrilu 2008, bayan zaman kusan wata shida na kotun binciken sanadin mutuwar a Landan, masu taimaka wa alƙali suka yanke cewa mummunan ganganci na direban da na masu ɗaukar hoton da suka bi motar shi ya jawo mutuwar. Ba dole ne mai shiri ya yarda da wannan ba. Abin da ya wajaba a kansa shi ne ya faɗi abin da binciken ya gano, sannan ya nuna inda ya kuskure da hujja. Shirin da aka yi bayan 2008 da ya kawo batun musanya jini bai ambaci gwajin da aka yi ba, ya ɓoye wa mai kallo abin da ya fi muhimmanci, kuma wannan ha'inci ne ko da kowane hoto a cikinsa na gaske ne.

Inda zargin ya tabbata

Kuskure ne kuma a ɗauka duk maganar makarkashiya shaci-faɗi ce. An kashe Patrice Lumumba, firaministan farko na ƙasar Kwango, a yankin Katanga ranar 17 ga Janairu 1961, hukumomin yankin suka ce tserewa ya yi mutanen ƙauye suka kashe shi. A 1975 kwamitin majalisar dattawan Amurka ƙarƙashin Frank Church ya gano cewa hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ta shirya sa masa guba. Wani ɗan sandan Beljiyam, ƙasar da ta yi wa Kwango mulkin mallaka, Gerard Soete, ya faɗa da bakinsa a gaban kyamara cewa shi ya daddatsa gawar ya narkar da ita a ruwan asid, ya riƙe haƙori. A 2001 kwamitin majalisar Beljiyam ya ɗora wa ƙasar alhakin ɗabi'a, a Yuni 2022 kuma aka miƙa haƙorin ga iyalinsa. Thomas Sankara, shugaban Burkina Faso, da aka kashe ranar 15 ga Oktoba 1987 tare da mutum goma sha biyu, takardar mutuwarsa cewa ta yi mutuwar Allah da Annabi ya yi. An tono kabarin a 2015 aka ga alamun harsasai, a Afrilu 2022 kotun soja ta yanke wa Blaise Compaoré, wanda ya hau mulki bayan kisan, ɗaurin rai da rai ba ya nan. A waɗannan shari'o'i biyu akwai takarda, akwai ganau da ya amsa, akwai gawa ko abin da ya rage nata. Masu shirye-shiryen da suka nace a kansu shekara da shekaru sun yi wa tarihi hidima.

A Najeriya ma'aunin bai canza ba. Cif Moshood Abiola ya rasu a tsare ranar 7 ga Yuli 1998, yana tsakiyar ganawa da tawagar Amurka da ta haɗa da Thomas Pickering da Susan Rice, bayan an ba shi shayi. Likitocin binciken gawa daga Amurka da Birtaniya da Kanada sun duba shi, suka ce daɗaɗɗen ciwon zuciya ne. Shirin da ya tsaya kan kofin shayin bai kawo wannan rahoto ba ya gaza. Wanda ya kawo rahoton bai tambayi irin kulawar da aka ba mai hawan jini cikin shekara huɗu a tsare ba, shi ma ya gaza. Janar Sani Abacha kuwa ya rasu wata ɗaya kafin nan, ranar 8 ga Yuni, gwamnati ta ce bugun zuciya ne, aka binne shi a Kano a ranar ba tare da binciken gawa ba. Saboda haka duk shirin da ke magana kan sanadin mutuwarsa kan bakin mutane ya dogara, kuma abin da za a duba shi ne ko mai maganar yana cikin fadar gwamnati a wannan dare, me idonsa ya gani, da kuma ko yana da wata riba a cikin labarin da yake bayarwa.