Tsagar bango a Birni: me doka ta ce wa mai tsohon gini?

A watan Satumba na 2024 ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin laka na unguwar Birni a Damagaram, ginin tsakiyar ƙarni na 19. Tun daga nan masu tsoffin soraye ke tambaya: in bango ya tsage, wa ke da hurumin taɓa shi?

Amsar tana cikin doka mai lamba 97-022 ta 30 ga Yuni 1997, wadda ta tanadi kare kayan tarihi da al'adun Nijar. A taƙaice, ginin da gwamnati ta sa cikin jerin waɗanda take karewa ba ya fita daga hannun mai shi, amma ba a rusa shi, ba a sauya masa kama, ba a yi masa babban gyara sai da izinin hukumar al'adu. Birni da fadar Sarkin Damagaram suna cikin jerin share fage na wuraren tarihin duniya na UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tun 2006. Agadas ce ta samu cikakkiyar shiga a 2013.

Wasu na ɗaukar neman izini a matsayin a naɗe hannu. Ba haka ba ne. Sa ido bai buƙatar takarda. A ƙasashen girgizar ƙasa, irin Iran da ta ga rugujewar tsohon birnin Bam a 2003, ko Maroko da masallacin Tinmel ya rushe a 2023, injiniyoyi kan liƙa na'urori a bango su auna motsinsa. Mu nan ba girgiza ke cin mu ba, damina ce, amma dabarar ɗaya ce. Ka shafa ɗan farin filasta a kan tsagar, ka rubuta kwanan wata kusa da shi. In ya fashe bayan mako biyu ko uku, tsagar na buɗewa. Ka duba indararo ko ya toshe, ka ƙwanƙwasa azara ka ji ko gara ta shige ta, ka taɓa gindin bango bayan ruwa ka ji danshi.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yaɓen siminti a kan tubali. Yana rufe tsaga daga ido, ya tsare danshi a ciki, ƙasar ta ruɓe ba wanda ya sani. In filastarka ta fashe, ɗauki hoto, kira maginin gargajiya, ka kai maganar ofishin al'adu na jiha kafin hadarin Yuli.