Shuka ganyayen magani a gida ba tare da sinadari ba: tambayoyin da kuke ta maimaitawa

Da me zan fara?
Na'a-na'a, ɗaɗɗoya da alobera. Uku sun isa. Citta da kurkum sai sun yi wata 8 zuwa 10 a ƙasa kafin a tona, ka bar su sai hannunka ya faɗa.

Ba ni da fili fa.
Tsohon bokiti ya wadatar. Huda gindinsa, ka ajiye inda zai samu rana kamar awa 6. Na'a-na'a kuwa ko kana da fili ka ware mata tukunyarta, domin saiwarta bin ƙasa take yi har ta mamaye ko'ina.

Na zuba kashin kaji, shukar ta ƙone.
Ɗanye ka zuba, shi ya sa. Sau nawa za a faɗa? Taki sai ya ruɓe, ya yi baƙi, warin ya tafi. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma ɗauke da ƙwayoyin cuta, alhali ganyen nan cikinka zai shiga. In har ka riga ka zuba, ka bari a yi kwana 120 kafin ka tsinka.

Ƙwari sun taru a bayan ganye, me zan fesa?
Wannan kam ya danganta. Fara juya ganyen ka duba da kyau. In 'yan ƙanana ne kore ko baƙaƙe, manne a kan sabon toho, ganyen kuma yana danƙo a hannu, masu tsotsar ruwan shuka ne. Sau da yawa watsa musu ruwa da ƙarfi yana kakkaɓe su, sai dai a maimaita bayan kwana biyu ko uku. In sun ƙi tafiya, a gwada ruwan sabulu mara turare, ɗan kaɗan, ko ruwan jiƙon ganyen darbejiya. Amma kada ka ɗauka tunda daga itace ya fito ba ya illa. Ya kan ƙona ganye mai laushi irin na ɗaɗɗoya, musamman in an fesa da tsakar rana, kuma yana barin ɗaci. Ka gwada a ganye biyu tukuna, ka jira kwana ɗaya ka gani. Da yamma ake fesawa, lokacin da ƙudan zuma suka koma. A ganina, in reshe ɗaya ne ya kamu, yanke shi ka yar ya fi sauƙi. Tsutsa kuwa tsince ta da hannu. Duk abin da ka fesa, a wanke ganyen sosai kafin a sha.

Alobera ta yi laushi tana ruɓewa.
Ruwa ya yi mata yawa. Tura yatsa cikin ƙasar, in da danshi kada ka ƙara. Kwantar da hankalinka, 'ya'yan da ke gefenta za su kama in ka dasa su.

Zan iya daina maganin asibiti?
A'a. Mai juna biyu da mai shan maganin tsinka jini su tambayi likita kafin su riƙa shan citta ko kurkum da yawa.

Yaya zan busar?
A inuwa, inda iska ke ratsawa. Kuma kada ka yanki fiye da kashi ɗaya cikin uku na shukar a lokaci guda.