Mene ne cajin zarce kason ruwa?

Caji ne da hukumar ruwa ke ɗora wa mai gida ko mai kamfani idan yana jan ruwa fiye da kason da ya saya ranar da aka jona masa famfo. A garuruwan Amurka da dama haka abin yake, kafin a haɗa ka da babban bututu sai ka biya kuɗi sau ɗaya na gurbin da za ka ci a matatar ruwa da injinan turo ruwa da tankuna da su bututun kansu. Ma'aunin da suka fi amfani da shi shi ne abin da gidan iyali ɗaya ke sha a rana, sai a ce otal ɗin nan daidai yake da gida 20, wancan gidan abinci gida 3, kowa ya biya gwargwadon nasa.

Bil ɗin wata-wata daban ne fa, shi na ruwan da mita ta ƙirga ne. A nan mutane ke rikicewa, sai mutum ya ce ai ina biyan duk litar da na sha, to na mene ne kuma ƙarin? Kamar mai rumfa ɗaya ne a kasuwar Sabon Gari da ya baza kaya har gaban rumfar maƙwabcinsa, kayan nasa ne ba musu, amma filin ba nasa ba ne.

A ce ana bin wannan tsari a nan Zariya, wani ya gina gida a Samaru ya sayi kason lita 2,000 a rana, bayan shekara biyu ya mai da shi hostel na ɗalibai ya kuma buɗe wajen wankin mota a ƙofar gida, yanzu kullum lita 6,000 ke tafiya. Hukuma za ta duba mitarsa na watanni, in ta ga abin ya zama jiki sai ta ce ko ya sayi ƙarin kaso, ko ya rage sha, ko a riƙa cajinsa kuɗi mai tsada kan rarar. Ruwan dattin da gidaje ke zubarwa cikin bututun hukuma ma haka, mafi yawa da mitar ruwan sha ake lissafa shi, wasu wuraren har da ƙarin caji in ruwan da kake zubarwa ya cika maiƙo. Mu nan Zariya sokawe ne a yawancin gidaje, wannan ɓangaren bai dame mu sosai ba.

Ni dai a ganina tsarin adalci ne. Matatar ruwa ta Shika, mai ba Zariya ruwa, an gina ta ne kan lita miliyan 150 a rana, iyakarta ke nan, ko da dam ɗin Galma ya cika ya batse. Duk wanda ke kusa da babban layi ya sa injin ja yana cika manyan tankuna, to matsin ruwan raguwa yake yi, na ƙarshen layi su wayi gari famfo sai iska, a koma neman ƴan garuwa ana sayen jarka. Su ne ke biyan rarar da wani ya sha ba tare da sun sani ba.

Sai dai wallahi ba a yin wannan lissafi sai da mita mai aiki da ruwa mai zuwa a kai a kai. Unguwar da ake biyan kuɗin ƙiyasi, kowa kuma ya haƙa bohol ɗinsa, ba yadda za a yi hukuma ta gane wa ya zarce kasonsa, balle ta caje shi.