Me ya haɗa tsofaffin katun da kiɗan kilasika na Turawa?

Wai wane irin kiɗa ne ake ji a tsofaffin katun ɗin nan, ba waƙa ba magana?

Yawancinsa kiɗan kilasika ne, wanda makaɗan Turai irinsu Bach da Beethoven da Tchaikovsky da Liszt suka rubuta a takarda tun kafin a san wani abu wai shi fim. Babbar ƙungiya ce ke kaɗa shi, masu goge da masu busa da masu ganga, ga madugu a gaba da ɗan sanda yana ba su hannu. In ka taso kana kallon Tom and Jerry to wallahi ka sha jinsa, sunan ne kawai ba ka sani ba.

To me ya kai masu zanen katun ga wannan kiɗan?

Gado suka yi daga zamanin fim ɗin bebe, lokacin da kowace silima ke da mai fiyano a zaune yana raka hoto da kiɗa, kuma waɗannan sanannun kiɗe-kiɗen su ne a hannunsa. Carl Stalling da ya yi wa Disney aiki kafin daga baya ya koma Warner Bros, a silimar Kansas City ya fara wannan sana'ar. Sannan ga batun kuɗi, yawancin masu kiɗan sun daɗe da mutuwa, ba wanda zai biyo ka da maganar haƙƙin mallaka. A 1929 Disney ya fara jerin Silly Symphonies, katun da aka gina kan kiɗa zalla.

Wanne ne babba cikin irin waɗannan katun na kiɗa?

Fantasia, ba tantama. Ya fito ranar 13 ga Nuwamba 1940 a New York. Asali ma gajeren katun ɗaya aka so yi don farfaɗo da farin jinin Mickey Mouse, a kan kiɗan Bafaranshe Paul Dukas na 1897, sai kuɗin aikin ya yi ta hawa har Walt Disney ya ga gajeren fim ba zai taɓa mayar da uwar kuɗi ba, shi ne shi da madugu Leopold Stokowski suka ce to a mai da shi dogon fim mai ɓangarori da yawa. Ƙungiyar makaɗan Philadelphia ce ta kaɗa kusan duka. Ba labari ɗaya ba ne fa, wani wajen launuka ne kawai ke yawo a kan kiɗan Bach, wani wajen dorinar ruwa ce sanye da ɗan siket tana rawa da kada, wani kuma farkon duniya ne da ƙarewar dainoso a kan kiɗan Stravinsky, wanda shi kaɗai ne ke raye cikin masu kiɗan a lokacin, kuma bai ji daɗin yadda aka yanka masa aiki aka sauya jerinsa ba.

Kiɗan ake fara yi ko zanen?

Nan ne ainihin maganar. A fim na yau da kullum sai an gama ɗauka ake sa kiɗa, amma a nan kiɗan ne gaba, zane na binsa a baya. Ana ɗaukar sautin tukuna, a ƙirga kowane bugu hoto nawa zai ci, tunda hoto 24 ne ke wucewa a daƙiƙa ɗaya, sannan mai zane ya zauna da fensir ya sa ƙafa ta sauka daidai kan bugun. Duba ɓangaren Mickey, yaron boka ne da ƙiwar ɗiban ruwa ta sa ya ɗauki hular maigidansa ya umarci tsintsiya ta yi masa aikin. Ruwa ya cika ɗaki bai san yadda zai tsayar da ita ba, ya ɗauko gatari ya faskara ta, kiɗa ya yi tsit. Can sai ka ji wata busa mai kauri ta yi gurnani sau ɗaya, guntun itace ya motsa, ta sake, wani ya motsa, kafin ka ankara kowane guntu ya miƙe ya zama tsintsiya da bokiti biyu suna maci. Ba wanda ya furta kalma ɗaya amma yaro ɗan shekara biyar ya gane Mickey ya shiga uku. Shi ya sa ni a ganina waɗannan finafinan ba sa buƙatar fassara.

Ya ci kasuwa kuwa?

Ina! Da farko asara aka tafka. Yaƙin duniya na biyu ya rufe kasuwar Turai, ga shi sun ƙirƙiro tsarin sauti mai suna Fantasound da sai an kafa lasifikoki na musamman masu tsada a silima, don haka birane 13 kawai aka zagaya da shi. Sai bayan sake fitar da shi a 1969 ya fara kawo riba.

Disney kaɗai ne suka yi?

A'a. Akwai The Cat Concerto, inda Tom ke buga kiɗan Liszt a fiyano sanye da kwat Jerry na cikin fiyanon yana hana shi sakat, har katun ɗin ya ci lambar yabo ta Oscar a 1947. Chuck Jones na Warner Bros ya dunƙule wasannin waƙa na makaɗin Jamus Wagner masu cin awanni cikin minti bakwai da Bugs Bunny a 1957. A Italiya kuma Bruno Bozzetto ya yi Allegro non troppo a 1976, yana zolayar Fantasia.

Zan iya kunna wa yara?

Gajerun ba matsala. Fantasia kam ka fara kalla da kanka, ya kai awa biyu, kuma kusa da ƙarshe akwai ƙaton shaiɗan a kan dutse yana tada fatalwoyi da zai iya hana ƙaramin yaro barci, ga kuma wani ɓangare daban mai wasu halittu rabi mace rabi doki da ba su da suturar kirki. A wannan ɓangaren ne ma aka zana wata baƙa tana yi wa farare hidima tana goge musu kofato, zanen cin mutunci ne ƙarara, kuma tun 1969 Disney suka cire ta.