Dokar shekara 72: wa ake ɗaurewa kan takardun ƙidayar Amurka?

Wata magana na yawo a tsakanin masu bin diddigin sunan gidansu a Amurka, wai duk wanda ya tono sunan wani a takardun ƙidaya zai iya shan ɗaurin shekara biyar. Wasu ma cewa suke gwamnati ta ɓoye takardun ne don kada baƙar fata su gano danginsu. Ko ɗaya ba haka yake ba.

Tun 1790 Amurka ke ƙidaya duk bayan shekara goma, amma takardar da ke ɗauke da sunayen mutanen gida ba a buɗe ta sai ta cika shekara 72. Abin ya faro ne da yarjejeniyar 1952 tsakanin Hukumar Ƙidaya da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa, Majalisa ta mayar da shi doka a 1978. Shi ya sa aka saki ta 1950 ranar 1 ga Afrilu, 2022, ta 1960 kuwa sai 2032. Ɗan ƙasa da baƙo, mai takardar izinin zama da marar ita, duk kariya ɗaya ce.

To ina batun ɗauri ya fito? Hukuncin na nan, ɗaurin da zai iya kai shekara biyar ko tarar da za ta iya kai dala 250,000, ko duka biyun. Amma a kan ma'aikacin ƙidaya yake, wanda ya yi rantsuwar riƙe sirri, kuma rantsuwar na wuyansa ko ya bar aiki. Shi ne aka hana ya miƙa amsarka ga 'yan sanda, masu haraji ko jami'an shige da fice. Kai da ka buɗe ƙidayar 1940 a intanet kana neman kakanka, ba ruwanka da wannan hukunci, don abin da doka ta saki na kowa ne.

Ban ce tsoron ba shi da tushe ba. A 1942 Majalisa ta sassauta kariyar saboda yaƙi, aka yi amfani da bayanan ƙidaya wajen gano Amurkawa 'yan asalin Japan. Kuma ni a ganina shekara 72 ta yi kaɗan: jaririn da aka rubuta a 1950 na iya kasancewa da rai, ga sana'ar mahaifinsa da adireshin gidansu a fili. Ingila shekara 100 take jira.

Abin da ke zama cikas ga mai neman sunan da ba kasafai ake jinsa ba ya girmi wannan doka. Ma'aikacin da ya ƙwanƙwasa ƙofa yadda kunnensa ya ji yake rubutawa, sai suna guda ya fito da rubutu iri-iri. A 1850 da 1860 an lissafa bayi ne ƙarƙashin sunan ubangidansu, da shekaru da jinsi da launin fata, babu suna, sai a 1870 sunayensu suka shiga. Takardar ƙidayar 1890 kuma, gobarar 1921 a Washington ta lalata kusan dukkanta.